Rawar Ɗarin Jirgin Osvald

A tsibirinmu duk dutsen da ya taɓa cin jirgi yana da sunan mutum. Haka muka taso muka tarar. In ka tuƙa jirginka ka hau dutsen da bai da suna, to ka ba shi naka ke nan, har jikokinka su yi furfura ana cewa, "Ka bi ta hagun wane." Akwai Kujerar Evert, inda Evert ya wuni a zaune yana jiran a zo a jawo shi. Akwai Haƙorin Fasto. Akwai wani can kudu wanda mai sunan ya rasu tun ina 'yar yarinya, amma dutsen na nan yana ci gaba da ba shi kunya.

Ranar bikin tsakiyar bazara ake raɗin sunan, kafin a zauna cin kifi da sabon dankali. Mai hawa benci ya yi shela kuwa, shekara da shekaru, Osvald ne, don shi kaɗai ne a cikin tsofaffi bai da dutse.

Kada in ɗauki alhakinsa, Osvald ba mugu ba ne. In rufin ɗakinka ya yi yoyo shi ne farkon zuwa da tsani, ko da yake in ya sauko yoyon kan zama biyu. Baki ne kawai Allah ya ba shi, bai haɗa masa da birki ba.

"Ni da duwatsun tekun nan mun san juna," haka yake cewa a kan gada, inda muke ɗaure jirage. "In suka hango ni sunkuyawa suke yi."

To, wata safiya ana dab da biki ya fita duba komarsa shi kaɗai. Jirginsa irin mai inji a ciki ne, da ƙafar ƙarfe da ta fito ta baya ta nutse a ruwa, farfela a ƙarshenta. Yana tafe yana tsiyaya kofi daga fulas, gwiwa ɗaya ta tokare sitiyari, sai ji ya yi gum! Jirgi ya yi tsalle, kofi ya tafi wando. Wani dutse dai bai sunkuya ba.

Abin da Osvald ya fara dubawa ba jirgin ba ne. Waige-waige ya yi, gabas da yamma. Ba kowa sai tsuntsayen teku. Sannan ya leƙa baya ya ɗan ɗago ƙafar, sai ga kunnen farfela ɗaya ya lanƙwashe kamar na karen da aka daka wa tsawa. Ya yi maza ya mayar da ita ruwa. Tun daga nan jirgi ya kama rawar ɗari, ga wani gurnani yana tasowa daga baya kamar minsharin tsoho.

Kafin ya iso gida ya gama ƙulla dabara. Farfela ba ta lanƙwashewa sai ta gaisa da dutse, kowa ya san wannan. Don haka ba wanda zai ga farfela. Ciwon jirgi zai zama babban ciwo na can ciki, irin wanda sai gwani ke ganewa da kunne, gwanin kuwa shi ne. Zai yi gyara a gaban kowa, ya sauya farfela a bayan idon kowa, ranar biki ya hau benci da sunansa fes. Cikas ɗin ɗaya ne. A wannan watan dare ba ya duhu balle ya rufa wa mutum asiri, gada kuma ba ta rabo da masu zaman shan iska.

Washegari matarsa Gunborg ta ce ya kai ta kanti a babban tsibiri. Suna barin gada jirgi ya soma. Kofin da ke kan benci ya yi tattaki da kansa ya faɗa ƙasa, tabaraunta na gangarowa bakin hanci.

"Osvald," ta ce, muryarta na karkarwa, "me ka taka?"

"Jirgi ba ya taka komai, tsohuwa. Ba keke ba ne."

"To da wa ka gaisa?"

"Boris ne. Akwai wani boris a wuyan ƙafar, inda sandar inji ke ratsawa. In ya bushe haka yake kuka. Ba za ki gane ba."

"Na dai gane wandon da na wanke jiya. Kofi har gwiwa."

"Igiyar ruwa ce."

"Jiya teku kamar faranti take."

"A nan bakin gida. Can waje ai ba ki je ba."

Gunborg ta dube shi ta saman tabarau. Auren da ya daɗe kamar nasu, mace ba ta neman shaida. Sai dai ta tokare haƙoranta na roba da yatsa har suka isa.

Da suka dawo suka tarar da Evert a kan gada yana warware zaren fatsa. Shi ne maƙwabcinsu, shi ne kuma mai Kujera, wanda Osvald bai taɓa barin biki ya wuce bai tuna wa jama'a labarinsa ba. Gefensa Tyra ce, tsohuwar da mijinta ya rasu, tana saƙa safa a kan benci. Abin da idon Tyra bai gani ba, to bai faru ba.

"Tun daga mashigi muke jin ku," in ji Evert. "Na ɗauka taraktar wani ce ta faɗa ruwa."

"Boris ne."

"Allah sarki. To ɗago ƙafar mu gani mana. Kowa in ya ɗaure jirgi ɗage ƙafa yake yi, taka kuwa tun jiya tana jiƙe."

"Mai ciwon wuya ake ce wa ɗaga kai? Kai Evert, rashin sani ya fi dare duhu. Ƙafa mai ciwon boris a ruwa ake barin ta, sanyi na yi mata amfani. Gobe bayan kofin safe ku zo in koya muku yadda ake sauraron inji. Kyauta."

Mutanenmu kuwa ba sa ƙin kallo. Gari na wayewa gada ta cika, wasu har da kujerunsu. Osvald ya fito da sukundireba mai tsawon kamu guda, ya buɗe murfin inji, ya gyara zaman hula.

"Inji magana yake yi," ya ce, "ku ne ba ku jin yarensa. Ku buɗe kunne. In ka murɗa sitiyari dama ko hagu ka ji gurnani ya ƙaru, boris ne. In kana ɗaga ƙafa ka ji ƙwas-ƙwas, gaɓoɓin sanda ne suka cinye. In kuwa jirgi a tsaye lafiya lau yake, sai ka sa giya ya kama rawa, kana ƙara wuta yana ƙara rawa, to wannan..."

Sai tari ya sarƙe shi.

"Wannan me?" in ji Tyra, ba ta ko ɗago daga saƙarta ba.

"Wannan ba ya cikin karatun yau."

"Nawa haka ya yi ranar da na hau Kujera," in ji Evert.

"Naka jirgi ne? Zo ka riƙe min sitiyari, ka yi abin da na ce kawai."

Ya kunna inji. Inji ya tashi sumul, yana ƙugi a hankali kamar kyanwar da ta ƙoshi. Ko ruwan gefen jirgi bai motsa ba. Jama'a suka kalli juna.

"Ni lafiya lau nake ji," in ji Tyra.

"Don da kunnen kasuwa kike saurare. Ciwo na can ƙasa." Ya durƙusa ya cusa kai cikin ramin inji, ya ɗora bakin sukundireba a kan ƙarfe, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido kamar likita. "Evert, murɗa dama. Yawwa. Hagu. Kada ka kuskura ka taɓa giya."

Evert ya ce har gobe hannunsa ne ya zame. Ni dai ban ga zamewa ba. Jirgi na ɗaure, giya ta shiga, sai ga rawa ta dawo da ƙarfinta, igiyoyi na ƙara, katakon gada na amsawa. Ƙotar sukundireba ta shiga yi wa kunnen Osvald luguden sakwara. Ya fizge kai, fambel ya cafke hular, ya zaga da ita, ya tofo ta waje a yage ta faɗi gaban Tyra.

Osvald ya miƙe, kunne ja wur kamar dafaffiyar ƙaguwa. "Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Boris!"

"Mun ji," in ji Tyra, tana duba ragowar hular ko za ta ɗinku. "Amma sai da aka sa giya."

"Daidai lokacin ya farka."

Da rana ya shige rumfar ajiyar kaya, ya ja ƙofa, ya buga wa kantin kayan jirgi na birni waya, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure a ɓoye.

"Farfela nake so, mai kunne uku."

"To. Karanto min lambar da ke jikin tsohuwar."

Tsohuwar kuwa na ƙarƙashin ruwa, a gaban bencin Tyra.

"Bawan Allah, jirgin nan a hannuna ya tsufa. Ni ne lambar." Ya faɗi irin injin da girman farfela daga ka.

"Mai juyawa dama ce ko mai juyawa hagu?"

Osvald bai taɓa sanin farfela na da dama da hagu ba. Amma "ban sani ba" ba ta taɓa fita daga bakinsa ba, ko a gaban likita.

"Wadda ta fi kyau."

"Kyansu ɗaya."

"To wadda ke kusa da hannunka. Ka naɗe ta sosai, kuma kada ka rubuta komai a jikin kwali."

Kafin saƙo ya iso, sai ya ga bari ya gwada miƙar da kunnen nan da guduma, ko a dace. Da sassafe ya tuɓe sai gajeren wando, ya shiga ruwan da ko agwagwa sai ta yi shawara kafin ta shiga. Wanda bai taɓa duka da guduma a cikin ruwa ba, kada ya fara. Hannu na tafiya kamar a mafarki, amma ƙarar ba ta mafarki ba ce. Ƙwan! Ƙwan! Duk jiragen da ke gada suka ɗauka. Duka na ƙarshe a babban yatsansa ya sauka. Ya haɗiye ihun tare da ruwan teku, ya jawo buhun dankali ya lulluɓe farfela ya ɗaure, don kada wani mai ido ya leƙa.

Yana ɗagowa sai ga silifas ɗin Tyra a saitin hancinsa, ita kuma a sama da kofi a hannu.

"Osvald, wanka ake yi?"

"Likita ya ce ruwan sanyi na gyara jini."

"Da guduma?"

"Nauyi ne. Kada ruwa ya tafi da ni."

"Buhun dankalin da ka shiga da shi fa?"

"Tawul ne."

"To ina yake?"

"Na shanya," in ji Osvald, haƙoransa na kaɗawa fiye da jirgin.

Jirgin wasiƙu ya zo ana jibi biki, lokacin da rabin tsibiri ke gada suna karɓar kaya. Matar da ke tuƙa shi ba ta iya magana a hankali ba, iska ta saba yi wa tsawa.

"Osvald! Zo ka ɗauki abinka, ya kusa karya min baya!"

Kwali ne mai faɗin tire. Evert ya riga shi kai hannu.

"Wannan ne boris ɗin? Wanda na sani bai fi burodin kirfa girma ba."

"Na talakawan jirage ke nan."

Evert ya girgiza kwalin, ya lalluba gefensa. "Kamar yana da kunnuwa."

"Kai ma kana da su, me suka tsinana maka? Kawo nan."

Ya zaɓi jajiberen biki don aikin, yana ganin kowa zai tafi tsinko furanni da ganye. Ina! Furanni suka jira. Da ya ga maza sun taru, sai ya ce madalla, dama hannu yake nema. Ya sa tsofaffi duka suka hau hancin jirgi suka zauna, don baya ya ɗan ɗago.

"Kowa ya fuskanci gada. Wanda ya waigo, nauyi zai karkace, boris ya shiga a gicciye. In ya shiga a gicciye kuwa, ba ruwana."

Suka jeru kamar kaji a kan katanga, sun ba shi baya. Matansu na kan gada suna dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauko zanen gadon Gunborg ya rataya tsakaninsa da bencin Tyra.

"Na mene ne labule?" in ji Tyra.

"Ƙura. Boris ba ya son ƙura."

"A teku?"

"Ba a sani ba."

Ya shiga ruwa har ƙirji, ya cusa hannu cikin buhu yana aiki da lalube. Ba abin da ake ji sai fanjam-fanjam da ƙananan zage-zage. Noti ya suɓuce ya nutse, ya bi shi da kai, ƙafafunsa farare suka bayyana a saman labule suna harbin iska.

"Osvald!" Evert ya kira, fuskarsa na gada. "Ni a sanina boris sai an cire ƙafar gaba ɗaya, jirgi na kan tudu."

"A hannun ɗan koyo ba!" in ji wata murya mai ruwa-ruwa.

"Gindina ya mutu," in ji wani tsoho.

"Ka jure, ilimi kake samu."

Can dai aka gama. Sabuwar farfela ta hau, tsohuwar ta shige buhu, buhu ya shige ƙarƙashin bencin baya. Osvald ya lakato giris ya shafa a goshi da kumatu don a san an sha aiki, sannan ya yaye labule.

"Ku sauko, an sallame ku."

"Kunna mu ji," in ji Evert.

"Sabon giris sai ya kwana. Ban da haka ma, gwaji na mai shakka ne. Gobe za ka ji, kai ne baƙona na musamman."

Da yamma Gunborg na kicin tana kaɗa kirim na kek ɗin biki, shi kuma yana zaune ya tsoma yatsa a ruwan gishiri, yana ba ta labarin yadda ya zaro boris da hannu ɗaya. Ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, ba ta juyo ba:

"Jikoki na zuwa mako mai zuwa. Ka san da ƙaramin jirgi za su yi ta yawo tun safe. In akwai wani dutse can waje da ba a sani ba, ina so a sani."

Osvald ya dubi yatsansa. "Babu dutse."

"To, tsoho. Allah ya sa."

Abincin daren bai ci da yawa ba. Ya ce kunne ne ke masa ciwo.

Ranar biki gari ya waye garau. Ana yin rawa ne a filin tsibirin da ke tsallake, kuma kowace shekara Osvald ke ɗaukar makaɗa, shi ne kan gaba, sauran jirage na bin sa. An yi wa jirginsa ado da ɗanyen ganye. Mai goge da mai akodiyan, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, suka shiga, Tyra ta shiga da jakar saƙarta, Evert ya shiga, Gunborg ta zauna da kek a cinya. Gada cike take da mutane, kowa da kambun furanni a ka.

Osvald ya kunna. Sumul. Ya dubi Evert ya ɗaga gira. Hancin jirgi na fuskantar gada, don haka ya sa ribas don ya fita da baya.

Jirgi ya yi gaba ya tunkuyi gada. Dum! Mutane suka yi taga-taga, kambun wani ya faɗa ruwa.

"Sallama nake yi wa gada," in ji Osvald. "Al'adar manyan matuƙa ce. Evert, cire ƙafarka daga kan waya."

"Wace waya?"

"Ture mu da filafili, ka bar gardama."

Evert ya tura, ya juya jirgin da hannu har hancinsa ya fuskanci teku. Mai hankali a nan zai tsaya ya tambayi kansa. Osvald kuwa jama'a ya duba, ya ga duk idanu na kansa, sai ƙirjinsa ya kumbura.

"Makaɗa, kiɗa! Kowa ya riƙe wurin zamansa. Yau za ku ga aikin hannu."

Goge ya ɗauka, akodiyan ya amsa. Osvald ya danna hannun giya gaba har ƙarshe.

Jirgi ya zabura da baya.

Gaskiya ba rawa, ba gurnani. Tafiya ce mai kyau, sai dai ba inda ake so ba, don farfelar da mai kanti ya aiko mai juyawa ɗaya hannun ce. Osvald na riƙe da sitiyari yana kallon teku na guje masa.

"Wa ke jan mu?"

"Rage wuta!" in ji Gunborg.

"Evert, me ka taɓa?"

"Hulata!"

A bayan gada akwai falalen dutsen nan da ya gangaro cikin ruwa, inda muke wanke dardumai da bazara. Duk tsibirin ba dutsen da ya kai shi fitowa fili. Tun kakanni ba a taɓa ba shi suna ba, don ba wanda ya taɓa zaton jirgi zai iya hawansa. Jirgin Osvald ya hau shi da gindi. Ƙafar ƙarfe ta yi wani ƙara da ya tashi tsuntsaye, inji ya yi tari ya mutu, akodiyan ya saki dogon nishi kamar saniya. Rabin kek ya koma ƙirjin Evert.

Ba wanda ya ji ciwo. Jirgi ya zauna daram, baya a sama, hanci a ruwa. Cikin shirun nan sai aka ji wani abu na zamewa. Buhun dankali ne ya fito daga ƙarƙashin bencin baya, ya sulalo a hankali, ya zo ya tsaya a ƙafar Tyra, bakinsa a buɗe.

Tyra ta ajiye jakarta, ta sa hannu biyu ta ɗago abin da ke ciki sama, yadda na kan gada za su gani. Kunne a lanƙwashe, ga farin ƙurjin dutse a jikinsa.

"Evert, kai da ka zauna a aji jiya, wannan shi ne boris?"

Evert ya lashi kirim daga yatsa. "Shi ne. Na manyan jirage."

Dariyar da aka yi ranar, an ce an ji ta a tsallake. Fasto ma sai da ya zauna a ƙasa. Osvald ya buɗe baki ya ce wannan tsohuwar ajiya ce, ya ce ta wani ce ya tsinta, ya fara cewa masu kanti na birni ba su san aikinsu ba.

"Osvald," in ji Gunborg. Ba ta ɗaga murya ba, tana goge tabarau da bakin riga. "Tashi ka yi aikinka."

"Ba benci a nan."

"Ga dutse."

Ya dube ta, ta dube shi. Ya sauka daga jirgi ya taka falalen, ya tsaya inda yake iya ganin kowa. Mutumin da muryarsa kan kai tsallake, ranar sai da aka yi shiru aka ji shi.

"Bana duwatsu biyu ne," ya ce. "Ɗaya kun gani. Ɗayan yana arewa da tsibirin awaki, jifa ɗaya daga itacen nan da ya karkace. Ba ya nuna kai ko ruwa ya janye. Ku gaya wa yaranku su bi ta gabas." Ya dubi Gunborg. "Duka biyun nawa ne."

Dariya ta lafa. Maza suka shiga tambayar juna wane itace, wani ya ce shekaranjiya ya wuce ta wurin da iyalinsa. Kowa na jiran Evert, don in akwai mai ramuwa shi ne. Evert ya sosa ƙeya.

"Na waje dai a ce Boris ɗin Osvald," ya ce. "Na nan kuma Ribas ɗin Osvald. Zo mu gaisa, maƙwabci. Barka da shigowa cikin mutane."

Aka yi tafi, mai goge ya ja baka. Kafin tafin ya ƙare Osvald ya soma dawowa hayyacinsa.

"A dai tuna," ya ce, yana ɗaga kumburarren yatsa, "ba wanda ya taɓa samun biyu a shekara ɗaya."

Aka kwashe makaɗa da Tyra da Evert a wasu jiragen, aka ce jirgin Osvald sai bayan biki a zo da tarakta. An yi wa Gunborg wuri, ta ce su je, tana zuwa. Jirage suka fita ɗaya bayan ɗaya, kiɗa na nisa, aka bar su biyu a zaune cikin jirgi a kan dutse, ragowar kek a tsakaninsu. Ta zaro cokali biyu daga jaka ta miƙa masa ɗaya.

Suka shiga ci. Can Osvald ya ɗora tafin hannu a gefen jirgi, ya karkata kai yana saurare da jan kunnen nan nasa.

"Amma kin ji ko, tsohuwa? Rawar ta daina."

"Ta daina," in ji Gunborg, tana share masa kirim daga gemu. "Tun da ka ajiye shi a nan ko motsi bai yi ba."